Masu ciwon da ke sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ga wata dabara

Salam 'yan uwa. In kana fama da ciwon nan da ke tashi daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu da bayan cinya har ƙafa, wanda likitoci ke ce wa sayatika, gwada wannan kafin ka ƙarar da kuɗinka a kemis.

Kwanta ta gefen da ba ya ciwo, ka sa filo tsakanin gwiwoyinka. In rigingine kake kwanciya, sa shi ƙarƙashin gwiwa.

Jijiyar da ke kawo ciwon nan ita ce mafi girma cikin jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki, daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, to filon yana hana ƙugu murɗewa ya takura mata.

Direbobi da 'yan acaba, dan Allah ku cire walat daga aljihun baya, ka wuni zaune a kanta ai jijiyar kake dannewa. Kuma kar ka lafe a gado kwana da kwanaki, ɗan tattaki ya fi.

Amma fa in ƙafar ta fara mutuwa kana jan ta, ko ka daina jin tsakanin cinyoyinka, ko fitsari da bayan gida na kufce maka, wannan ya wuce filo, asibiti za ka tafi a ranar.