Kafin ka ɗaga hannu a gwanjon kayan 'yan sama jannati

'Yan uwa masu sha'awar tara kayan tarihin sararin samaniya, ga 'yar shawara.

Tambayar farko a kan kowane kaya: ya je sama ko bai je ba? Ƙaramar tutar da ta tashi a kumbon Apollo da irinta da ta zauna a ofis, tsakanin kuɗinsu tafiya ce mai nisa. Nemi takardar shaida mai sa hannun ɗan sama jannatin da kansa. Tun 2012 dokar Amurka ta mallaka wa 'yan sama jannatin shirye-shiryen Mercury, Gemini da Apollo na NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, kayan da suka riƙe, amma ban da duwatsun wata. Wanda ya yi maka tallan dutsen Apollo, gudu kawai. Na gwamnati ne. Ƙasar watan da gidan gwanjon Sotheby's ya sayar a 2018 kan dala 855,000, kumbon Sobiyet Luna 16 ne ya kawo ta, ba Apollo ba.

Sa hannun Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, kuwa, a yi hattara. Ya daina sa wa mutane hannu tun 1994, jabu ya cika kasuwa, ga kuma na injin autopen (mai kwaikwayon sa hannu) da NASA ta riƙa aika wa masoya.

Sannan kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi kaɗai za ka biya ba. Gidajen gwanjo irin su Heritage da RR Auction suna ɗora la'adarsu, sau da yawa kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ga kuɗin aike da kwastan. Mai sayarwa ma ana yankar nasa, don haka ya daidaita la'ada da mafi ƙarancin farashi a rubuce kafin ya miƙa kayan.