Yadda za ka biya kuɗi ta intanet ba tare da 'yan damfara sun wanke ka ba

Yawancin waɗanda ake kwashe wa kuɗi a intanet fa ba kutse aka yi wa bankinsu ba, su da kansu ne suka miƙa makullin saboda an ruɗa su an sa su gaggawa. To fara da lambar nan da ake turo maka ta tes idan za ka biya kuɗi, wato OTP, yawanci lamba 6 ce kuma 'yan mintuna kaɗan take yi ta mutu. Duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin banki ne, wai za a rufe asusunka yau in ba ka karanto masa ita ba, kashe wayar kawai, ba sai ka tsaya musu da shi ba. Ko ya faɗi cikakken sunanka kar ya burge ka, ai samun suna ba wuya. Haka lambobi 3 ɗin da ke bayan katin Visa ko Mastercard, wanda ya haɗa su da lambar gaban kati da ranar ƙarewarsa to a shafuka da yawa zai yi sayayya da kuɗinka hankali kwance, shi ya sa ɗaukar hoton kati a tura wa wani ganganci ne ko da ɗan'uwanka ne, wayarsa ma ana iya sacewa.

Kar ka shiga asusunka ta link ɗin da aka turo maka, buɗe manhajar bankin da kanka. Ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa da ke gefen adireshin shafi ba shaidar gaskiya ba ne, shafukan bogi ma suna da shi. Adireshin za ka ƙura wa ido, maimakon paypal, wato sunan kamfanin biyan kuɗi ta intanet na PayPal, sai su rubuta paypa1 da lamba 1 a madadin harafin ƙarshe, mai sauri ba zai lura ba.

In kai ne mai sayarwa, tes ɗin alat ko hoton risit ba kuɗi ba ne, shiga ka ga balans ya ƙaru kafin ka saki kaya. Akwai kuma wanda zai turo maka fiye da kuɗin kayan ya ce kuskure ya yi, don Allah ka maido masa rarar ta wani asusun daban, alhali da katin sata ya biya, ranar da mai katin ya kai ƙara za a janye kuɗin gaba ɗaya daga wajenka, ga kaya sun tafi ga rarar da ka tura da hannunka ita ma ta tafi.

In kuma saye za ka yi da PayPal, zaɓi biyan kaya da ayyuka, shi ne ke da kariyar mai saye har kwana 180 na shigar da ƙorafi. Zaɓin tura wa 'yan'uwa da abokai ba shi da wannan, don haka baƙon da ya nace sai ta nan wai don a guje wa caji, ni dai ba zan biya shi ba.

Layinka ya ɗauke sabis haka kawai alhali na kusa da kai suna da shi? Tuntuɓi kamfanin layin nan take, ana iya canza layinka zuwa wani sim a riƙa karɓar lambobin OTP ɗinka. Inda aka ba da dama, koma amfani da Google Authenticator, manhajar da ke samar maka da irin waɗannan lambobin a cikin wayarka ba ta tes ba. Kuma kar wani "mai taimako" ya sa ka sauke AnyDesk, manhajar da ke ba wani damar gani da sarrafa wayarka daga nesa, duk abin da ka danna yana kallo.

In har an riga an cire kuɗin, toshe katin ta manhaja, kira lambar bankin da ke jikin katin, canza fasiwod, ka ajiye duk saƙonnin. Ka kuma sa ran wasu za su ɓullo su ce za su ƙwato maka kuɗinka in ka biya su wani abu tukuna, su ma 'yan damfara ne, wani lokacin ma mutanen farkon ne suka sake dawowa.