Yadda Ake Biyan Bashi da Kasafin Kuɗi Ba Tare da An Daina Tanadi Ba

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba abin kunya ba ne a ce ana bin mutum. Abin da ke wahalar da masu bashi shi ne su biya yau, bayan wata biyu su sake komawa wurin da suka fito. Mutum ya ɗaure ciki, ya zuba duk rarar kuɗinsa a bashi, bai bar ko sisi a gefe ba, sai rashin lafiya ta faɗo ko abin hawa ya lalace, ya sake miƙa hannu. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce sai an gama biyan bashi sannan a fara tanadi. Tare ake tafiyar da su, sai dai ba rabo ɗaya ake yi musu ba. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, kowa ya sauya su da nasa.

Mataki na farko: fito da bashin fili

Ɗauki takarda ka rubuta duk wanda ke bin ka, har da wanda kake jin nauyin tunawa. Gaban kowane suna ka sa abubuwa huɗu: nawa ya rage, nawa ne kuɗin ruwa idan akwai, nawa ne mafi ƙarancin abin da dole ka biya a wata, sai kuma ranar wa'adi.

Ka lura da yadda aka rubuta kuɗin ruwan, domin a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Wani mai ba da rance zai ce kashi 4 cikin 100 ne kawai, ka ji abin ba yawa, ashe a wata yake nufi. Kashi 4 a wata, idan ruwan yana hawa kan ruwa, ya kai kimanin kashi 60 a shekara. Saboda haka ka mayar da duk basussukanka kan ma'auni ɗaya, ko dai na wata ko na shekara, sannan ka kwatanta su.

A ce kuɗin shigarka 200,000 ne a wata, ana bin ka bashi uku. Na ɗan'uwa 30,000, babu ruwa, kun shirya kan 5,000 a wata. Na manhajar rance ta waya 120,000, ruwa kashi 4 a wata, kana biyan 10,000. Na banki 300,000, ruwa kashi 2 a wata, kana biyan 15,000. Da wannan misalin za mu tafi har ƙarshe.

Mataki na biyu: bi sawun kuɗinka wata guda

Kafin ka tsara komai, ka yi kwana 30 kana rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, babba da ƙarami. Ba sai ka sauya halinka a watan ba, rubutu kawai. Idan kana mu'amala da banki, bayanin asusunka na wata uku da suka wuce zai rage maka aiki. Ni dai ranar da na fara wannan lissafi, ba manyan hidimomi ne suka ba ni mamaki ba, ƙananan sayayya ne da rajistar wasu manhajoji da ake cire mini kuɗinsu duk wata alhali na manta ma da su.

Mataki na uku: ba kowane kuɗi aikinsa tun kafin ya shigo

Kasafi ba wani abu ba ne illa ka yanke wa kuɗi inda za su je kafin wata ya kama, har lissafin ya tashi babu rarar da ba ta da suna. Kuɗin da ba a sa wa suna ba su ne suke ɓacewa.

Akwai tsarin nan da ya shahara na 50, 30 da 20, wanda Elizabeth Warren, da ta zama sanata a Amurka daga baya, ta yayata tare da 'yarta Amelia Warren Tyagi a 2005: rabin kuɗin shiga ga bukatun dole, kashi 30 ga abin da rai ke so, kashi 20 ga tanadi da rage bashi. Tsari ne mai kyau ga wanda samunsa ke da yalwa. Amma wanda haya da ci da sha da sufuri da kuɗin makarantar yara suka riga suka cinye masa kashi 65, idan ya ce sai ya matsa kansa cikin wannan ma'auni, zai karaya tun a watan farko. Ka ɗauki hikimar rabawar, ka bar alƙaluman.

A misalinmu, bukatun dole 130,000 ne, biyan dole na basussuka uku 30,000, saura 40,000. Daga ciki ka ware 20,000 na hidimar kanka da ɗan jin daɗi da taimakon da ba a rasa ba. Kada ka soke wannan kason gaba ɗaya don zumuɗi. Kasafin da babu wurin shan iska a cikinsa ba ya wuce wata biyu, kuma ranar da ya karye, mutum kan kashe fiye da abin da ya hana kansa. Ragowar 20,000 ita ce makaminka, da ita za a yi duk aikin da ke tafe.

Wanda samunsa ba tsayayye ba ne, ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu, ya duba watanni shida ko sha biyu da suka wuce, ya gina kasafinsa kan watan da ya fi samun ƙaranci. Abin da ya hau kai a watan da kasuwa ta yi kyau sai ya tafi ga bashi da tanadi.

Mataki na huɗu: fara da ɗan asusun ko-ta-kwana

A nan mutane da yawa za su yi mini gardama, kuma ta fuskar lissafi suna da gaskiya. Wata uku na farko, ka riƙa biyan kowane bashi mafi ƙarancinsa, ka zuba 20,000 ɗin nan a asusu na daban har ya kai 60,000, wato kusan rabin bukatunka na wata guda. Mai gardama zai ce, ta yaya za ka ajiye 60,000 tana kwance alhali kana da bashin da ke cin kashi 4 a wata? Ai asarar 2,400 ke nan duk wata. Haka ne. Amma ka ɗauki wannan 2,400 a matsayin ladan mai gadi. Idan babu ajiyar, duk ranar da larura ta taso sabon rance za ka ci, cikin gaggawa, a kan duk sharaɗin da aka gindaya maka, domin mai neman kuɗin asibiti da tsakar dare ba ya tayi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin su zauna inda za ka iya ɗauko su cikin kwana ɗaya, amma ba a asusun da kake cefane da shi ba. Kuma tun yanzu ka rubuta abin da ake kira larura: ciwo, rasa aiki, gyaran abin da neman abincinka ya dogara a kai. Rangwamen da shago ya yi ba larura ba ne. In ka taɓa asusun, watan da ke biye ka mayar da abin da ka cire kafin ka ci gaba.

Mataki na biyar: zaɓi bashi ɗaya ka far masa

Da ajiyar ta cika, sai ka juya rabon: 15,000 ƙari a kan bashi, 5,000 ta ci gaba da shiga tanadi don kada hannu ya manta. Ƙarin nan kuwa kan bashi ɗaya tak za ka ɗora shi. Idan ka yayyafa shi a kan uku, ba za ka ga ko ɗaya ya motsa ba.

Wanne za a fara? Hanya biyu ce aka sani. Ta farko, ka fara da wanda ruwansa ya fi tsada, ita ce ke rage maka yawan kuɗin da za ka biya gaba ɗaya. Ta biyu, ka fara da mafi ƙanƙanta ko da ruwansa ba yawa, don ka ga suna ɗaya ya fita daga takardarka da wuri, ka samu ƙarfin gwiwa. Wannan ta biyun ce Dave Ramsey, mai shirin rediyo kan harkar kuɗi a Amurka, ya shahara da koyarwa. Ra'ayina shi ne, idan ruwan basussukan ya yi kusa da juna, bi ta biyu, domin bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma zuciya na bukatar ganin nasara. Idan kuwa ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, kamar na manhajar nan, kada ka yi wasa da shi.

Duba yadda yake. Ruwan 120,000 a kashi 4 shi ne 4,800 a watan farko. Wanda ke biyan 5,000, 200 kacal ya rage daga uwar kuɗin, kuma a haka zai kwashe kusan shekara bakwai, ya biya kimanin 410,000. Mai biyan 10,000 zai gama a wata 17, ruwa ya ci masa kusan 47,000. Mai biyan 20,000 kuwa wata 7 ne, ruwan kuma bai wuce 20,000 ba. Bashi ɗaya, mutum uku.

To, ga inda daɗin tsarin yake. Duk bashin da ya mutu, kuɗin da kake ba shi ba su dawo aljihunka ba, na gaba suke hawa. A misalinmu, bashin ɗan'uwa zai ƙare a wata na 6, sai 5,000 ɗinsa ta koma kan na manhaja. Na manhaja zai ƙare a wata na 8. Daga nan banki zai riƙa karɓar 45,000 maimakon 15,000, sai ya ƙare wajen wata na 13, bashin da da zai kai wata 26. A daidai lokacin kuma ajiyarka ta kai 110,000.

Abu biyu kafin ka fara ƙarin biya. Ka tambayi mai ba da rancen ko akwai tara a kan biya kafin wa'adi, sannan ka tabbatar ƙarin da kake turawa uwar kuɗi yake ragewa, ba a ajiye shi a matsayin biyan watan gaba ba. Akwai kuma basussukan da ba sa bin layi: haya da ta taru har ana maganar tashi, ko rancen da ka jinginar da gida ko kayan sana'a a kansa. Waɗannan su ne a gaba ko da babu ruwa, domin abin da za ka rasa ya fi kuɗin.

Bashin dangi da abokai ma yana da nasa ruwan, sai dai da mutunci ake biyansa. Wanda ya ba ka don zumunci yakan yi haƙuri da jinkiri, abin da ba ya haƙuri da shi shi ne ka daina ɗaga waya. Je ka same shi, ka faɗa masa abin da za ka iya bayarwa duk wata, ko yaya ƙanƙantarsa, ka kuma cika.

Mataki na shida: yi magana kafin wa'adi ya wuce

Idan ka hango ba za ka iya biyan wani wata ba, ka tuntuɓi mai bin ka tun da sauran kwanaki. Bankuna da yawa kan yarda su tsawaita wa'adi ko su sake tsara biya, amma ka sani tsawaita lokaci na rage na wata ne, jimillar kuma ta ƙaru. Duk abin da kuka amince, a rubuce.

Batun cin sabon rance don a haɗe tsofaffi wuri guda, yana da amfani ne kawai idan ruwan sabon ya yi ƙasa sosai bayan an lissafa kuɗin cike takardu, kuma ka rufe ƙofar tsofaffin. In ba haka ba tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Haka nan duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ninka maka cikin mako kaɗan ka biya bashinka, ka yi nesa da shi, irin masu neman mafita da gaggawa yake farauta.

Mataki na bakwai: sa wa kowane buri suna da rana

"Ina so in yi tanadi" ba buri ba ne da za a iya aunawa. Rubuta abin da kake so, nawa zai ci, yaushe kake bukatarsa, sai ka raba kuɗin da yawan watanni. Jarin 240,000 nan da shekara biyu, 10,000 ke nan a wata. Haka za ka yi wa hidimomin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, irin su haya ko kuɗin makaranta. Ba larura ba ne su, an san ranarsu, rashin raba su kan watanni 12 ne ke mayar da su bashi.

Ranar da kuɗi suka shigo ake cire na tanadi, ba ƙarshen wata ba, domin ƙarshen wata babu abin da ke raguwa. In bankinka na da tsarin tura kuɗi da kansa a ranar da ka zaɓa, yi amfani da shi. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, shi da Shlomo Benartzi sun tsara wata dabara da ta dace da nan: mutum ya yi alkawari tun yau cewa duk sanda aka yi masa ƙarin albashi, wani kaso na ƙarin zai wuce tanadi kai tsaye. Abin da bai taɓa shiga hannu ba, ba a jin zafin rabuwa da shi. Idan kuma wurin aikinka na ƙara nasa kason a kan abin da kake sakawa a asusun fansho, kada ka dakatar da naka saboda bashi, kyauta ce za ka bari a ƙasa.

Ajiyar dogon zango tana da maƙiyi, hauhawar farashi. Raba 72 da adadin hauhawar na shekara, za ka samu kimanin shekarun da darajar kuɗi za ta ragu da rabi: in kashi 12 ne, shekara 6. Don haka kuɗin ko-ta-kwana da na burin kusa su zauna inda ake iya ɗauka, na shekara biyar zuwa sama kuwa a nema musu abin da ke haɓaka, a hannun cibiyar da hukuma ta yi wa rajista, kuma a harkar da ka fahimci yadda take samar da riba.

Ranar da ka yi biyan ƙarshe, ka karɓi shaidar cewa an rufe bashin ka adana ta, ka goge manhajar rancen daga wayarka. A ranar kuma, kafin wata ya sake kamawa, ka karkatar da 45,000 ɗin nan zuwa asusun tanadi. Haɗe da 5,000 ta da, 50,000 ke nan a wata, kuma cikin wata shida asusun ko-ta-kwana zai tashi daga 110,000 ya wuce 390,000, wato bukatunka na wata uku cur. Daga nan sai layi ya zo kan buri na farko da ke takardarka.