Yadda Ake Nazarin Uba da 'Ya'yansa a Wasan King Lear

Mai son fahimtar King Lear, wasan kwaikwayon da William Shakespeare ya rubuta a Ingila wajajen 1606, ya kamata ya daɗe a kan fitowar farko, inda Sarki Lear, wanda ya tsufa, ya ƙuduri raba ƙasarsa ga 'ya'yansa mata uku gwargwadon ƙaunar da kowacce ta furta. Ka karanta daɗin bakin manyan 'ya'yan biyu, Goneril da Regan, da babbar murya, sannan ka auna shi da gajeriyar amsar Cordelia, autar da aka kora babu gado saboda ta ƙi yin fadanci. A ganina uban ne ya fara ɓata lamarin, ko da yake ita ma autar akwai taurin kai.

Daga nan ka riƙa ƙirga dakarunsa: 100 ya keɓe wa kansa, Goneril ta rage su zuwa 50, Regan ta ce 25, har ta tambaye shi amfanin ko guda ɗaya.

Kada ka tsallake Gloucester, wani uban kuma bafaden sarki, wanda ya yi ba'a da haihuwar Edmund, ɗansa da ya haifa ba da aure ba, a gaban idon ɗan, ya gaskata wasiƙar ƙarya da Edmund ya ƙirƙira a kan Edgar, ɗansa na halas, bai kuma farga ba sai da aka ƙwaƙule masa idanu.