Yadda Ake Gane Tsofaffin Irin Inabin Jojiya a Gonakinsu

A ƙasar Jojiya, wadda ke tsakanin Bahar Aswad da tsaunukan Kokeshas, an ƙididdige irin inabi na gida fiye da 500, amma baƙon da ya shiga manyan gonaki iri biyu ne za su cika masa ido, wato Rkatsiteli da Saperavi. Dalili shi ne a zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma ta fi son irin da ke ba da amfani mai yawa, sai aka cika gonakin gwamnati da waɗannan biyun, sauran kuwa suka tsira a bayan gidajen manoma, inda kowane iyali ke riƙe da 'yan kurangunsa na gado. Ko da mutum ba ya kusantar giya, kamar yawancinmu, sanin wannan itace ilimin noma ne mai daraja, kuma ana koyonsa ne a gindin kurangar.

Da farko a zaɓi lokacin tafiya. Kakar inabi, wadda mutanen ƙasar ke kira rtveli, tana kamawa daga Satumba zuwa Oktoba a yankin Kakheti na gabas, kuma a lokacin ne ganye da 'ya'ya suke tare a jikin itace. A yamma kaka tana jinkiri. Irin da ake kira Chkhaveri yakan kai Nuwamba kafin a cire shi.

Sai a tantance yankin da ake tsaye, domin wannan kaɗai yana rage rabin aikin. Tsaunin Likhi ya raba ƙasar gida biyu: gabas mai ƙarancin ruwan sama, da yamma mai laima saboda iskar teku. A kwarin kogin Alazani na Kakheti ake neman fararen iri irin su Kisi da Khikhvi da Mtsvane. A Kartli, wajen garin Gori, ana samun Chinuri da Tavkveri da Shavkapito. Idan aka tsallaka yamma zuwa yankin Imereti, Tsolikouri da Tsitska da Krakhuna ne ke da gari, yayin da tsaunukan Racha suka shahara da Aleksandrouli da Mujuretuli, waɗanda ake nomawa tare a kewayen ƙauyen Khvanchkara. Wanda ya ga farin inabi a Imereti bai kamata ya fara zaton Kisi ba.

Bayan haka a tambayi mai gona sunan irin, sannan a nemi ma'anar sunan, domin manoman Jojiya sun zuba siffar itacen a cikin sunayensu, kuma a ganina wannan ce hanya mafi daɗi ta koyo. Rkatsiteli yana nufin jan reshe, saboda haka a duba launin reshen. Mtsvane yana nufin kore. Krakhuna sunansa ya fito ne daga ƙarar da 'ya'yansa ke yi idan aka tauna su. Saperavi yana nufin abin rini, kuma gwajinsa ba shi da wuya: a tsaga ɗa ɗaya da farce, idan tsokar ciki ma ja ce, ba ɓawon kaɗai ba, to an kusa tabbata, domin yawancin baƙin inabi tsokarsa fara ce. Akwai kuma Usakhelouri na yankin Lechkhumi, wanda sunansa ke nufin marar suna, kuma gonakinsa kaɗan ne ƙwarai, a ƙauyuka irin su Okureshi da Zubi.

Suna kaɗai ba ya isa, saboda iri ɗaya yana iya samun suna daban a ƙauye na gaba. Saboda haka a ɗauki ganye balagagge daga tsakiyar reshe, a ƙirga yatsunsa, a duba zurfin tsagar da ke tsakaninsu, a lura ko gindin ganyen a buɗe yake ko ya rufe, sannan a juya bayansa a ga ko yana da gashi. A duba nonon inabin ma, ko a cure yake ko a sake, a ɗauki hoton kowanne da waya tare da rubuta sunan ƙauyen. Tavkveri yana da wata alama ta daban: furensa ba ya iya barbarar kansa, don haka ana shuka shi kusa da wani iri, sau da yawa Chinuri. Layin baƙin inabi a cikin fararen Chinuri a Kartli alama ce da ta cancanci tambaya.

A yankunan Guriya da Samegrelo na yamma kuwa, a ɗaga kai sama. Tsohuwar al'adar can, wadda ake kira maghlari, ita ce a bar kuranga ta hau itatuwa masu tsawo don ta tsere wa laimar ƙasa, kuma da haka aka san Ojaleshi da Chkhaveri. Cututtukan ganye da filoksera, ƙwaron da ke lalata saiwar inabi, da suka shigo a ƙarni na 19 sun yi wa wannan noma mummunar ɓarna, shi ya sa tsohuwar kurangar da ta rage a kan itace abin tsayawa ce a duba da kyau.

Wanda ya tara hotunansa sai ya kai su gonar adana iri ta Jighaura, kusa da Saguramo a arewacin Tbilisi, babban birnin ƙasar, inda aka shuka fiye da iri 400 na ƙasar a jere, kowanne da sunansa, ya gwada abin da ya gani da abin da ke can. Kada a yanki reshe ba da izinin mai gona ba, kuma kada a ƙetare iyaka da shi ba tare da takardar lafiyar tsirrai ba, domin ta irin wannan hanya filoksera ya yaɗu a duniya. Har yau yawancin kurangun da ake dasawa a Jojiya 'yan aure ne, an haɗa su da saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa.