Yadda ake jiƙa ƙafa a ruwan iskar kabon don taimaka wa gudun jini

Mai ciwon suga ko mai shan taba da ya ga ƙwaurinsa na ƙagewa in ya ɗan taka, ya tsaya ya huta ya sake shi, galibi jijiyoyin jinin ƙafarsa ne suka tsuke. Kafin komai a je asibiti, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, a gwada hawan jinin idon sawu da na dantse. In aka yi lissafi, aka raba adadin na sawu da adadin na dantse, amsa ta fito ƙasa da 0.9, akwai toshewa.

Wankan iskar kabon dayoksaid tsohon magani ne a wuraren ruwan ma'adinai irin su Bad Nauheim a Jamus da Royat a Faransa, Japan kuma na yin sa da na'ura. Iskar kan ratsa fata ta buɗe ƙananan jijiyoyi, ta sa jini ya saki iskar oksijin ga nama.

Ana son kimanin miligiram 1,000 na iskar a kowace litar ruwa. A bokiti mai lita 10, a narkar da giram 20 na sodar yin kek, sannan a zuba giram 15 na garin sitirik asid, haɗuwarsu ce ke fitar da iskar. A kula da kyau: ba sodar sabulu ba, wannan cin fata take yi. 

Zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 35 da 37, da ma'aunin zafi za a duba, ba da hannu ba. Nan ne aka fi yin kuskure. Ruwa in ya yi zafi iskar guduwa take, mai suga kuma da ƙafarsa ta daina ji sai ya ƙone bai sani ba. A sa ƙafa har rabin ƙwauri, minti 10 zuwa 15, kada a motsa ruwan. Za a ga ƙananan kumfa sun manne wa fata, in an fito kuma fatar ta yi ja-ja daidai inda ruwa ya tsaya. A tsane tsakanin yatsu sosai.

Iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya. A ƙuntatattun ɗakunan haya irin na Agege da Mil 12, a buɗe taga da ƙofa, kada yaro ya kwanta kusa. Jiri ko ciwon kai in ya zo, a daina.

Mai gyambo, mai ciki, mai gazawar zuciya ko ciwon huhu mai tsanani, da wanda jini ya daskare masa a jijiya, sai da izinin likita.

Ga ciwon gwiwa kuwa, wankan yakan rage zogi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da guringuntsin da ya cinye. Yi wa mutum allurar iskar kabon a ƙarƙashin fata kuwa aikin likita ne da tukunyar iskar asibiti. Ta masu walda ko ta kashe gobara ba ta shiga jikin mutum. Magungunan suga da na hawan jini a ci gaba da sha yadda aka rubuta.