Darasi na 7: Tsutsar da ke kawo farfaɗiya

Jama'a wannan darasin dan Allah a karanta shi a hankali, ko sau biyu ne, domin kusan kowa a nan Gombe ya san gidan da akwai mai farfaɗiya, kuma da zarar yaro ya faɗi yana karkarwa yana kumfar baki sai kaji ance ai iska ce ta taɓa shi, a wuce da shi wajen hayaƙi da rubutu shekara da shekaru ba'a taɓa kai shi an duba kansa ba. Abin nan yana damuna matuƙa. Addu'a ba laifi, amma a haɗa da asibiti.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, kuma dalilanta da yawa: wahalar haihuwa, buguwa a kai, sanƙarau, maleriya mai tsanani. Akwai kuma wanda ba'a cika faɗa ba, wato tsutsa. Tsutsar nan tsila ce, ita kuma tsila iri-iri ce. Ta naman shanu a hanji take tsayawa. Ta alade ce mai matsalar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wuraren da ta yi yawa kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya ita ce sanadi.

Toh nasan wani zai ce Malam ni ai ko kusa da alade bana zuwa. Nan ne wajen lura. Wanda ya ci naman aladen da bai dahu ba shi ke samun tsilar a cikinsa, amma ƙwayayenta suna fita ne ta bayan gida, idan akai bahaya a fili ruwan sama ya wanko shi cikin rijiya ko lambu, ko mai ita bai wanke hannu ba ya taɓa abinci, to duk wanda ya haɗiyi ƙwan nan, ƙwan zai iya ƙyanƙyashewa a hanjinsa, 'yar tsutsar ta bi jini ta je ta zauna a ƙwaƙwalwa cikin 'yar jakar ruwa. A 1992 likitoci a Amurka sun samu wannan cutar a jikin wasu Yahudawa a birnin Niyok, mutanen da su ma alade haramun ne a wajensu. Kaga kenan ba maganar addinin wane bane, maganar bayan gida ce da hannu.

Tsutsar tana iya yin shekaru shiru a ƙwaƙwalwa, sai lokacin da ta fara mutuwa wajen ya kumbura, faɗuwa ta soma.

Hoton ƙashi da muka saba bazai nuna ta ba. Sai hoton kai, siti sikan ko em-ar-ai. Kwanciya kawai zakai a tura kanka cikin na'ura, ba yanka ba zafi. Siti ya fi gano wadda ta mutu ta daskare kamar tsakuwa, shi kuma em-ar-ai ya fi nuna mai rai. Da tsada kam, ba ƙarya, shi ya sa a fara da asibitin kusa, in likita ya ga da buƙata sai ya rubuta takardar zuwa asibitin koyarwa.

Dan girman Allah kar a je kemis a sayi albendazol a ɗirka wa mai farfaɗiya da sunan kashe tsutsar kai, yana iya ƙara kumburin, likita ne ke haɗa shi da maganin kumburi da na hana faɗuwa.

In mutum ya faɗi a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, ba cokali a baki ba ɗura ruwa. Yawunsa baya sa wa kowa ciwon. In ya wuce minti 5 sai asibiti.

Aikin gida: rubuta kalmomin nan sau uku-uku a littafinka, tsila, ƙwaƙwalwa, sabulu, masai. Sannan ka auna taku nawa ne daga masan gidanku zuwa rijiya, ka zo mana da lissafin ranar Asabar.